Hitar da Inna ta ɗaure da roba

Ina cikin karyawa sai na ji "gurrr, ƙwas, ƙwas" daga banɗaki. Sabuwar hitar ruwa ce da aka haɗa mana. Don Inna na saya, ƙafafunta ba sa son ruwan sanyi, kuma da ƙyar na lallaɓo ta daga Kuchigoro ta dawo wajena a Gudu.

Ta fito da ɗankwali a hannu. "Abin nan fashewa zai yi. Ni ka mayar da ni inda ka ɗauko ni."

Na kashe wuta, na kira Oga Sunday mai gyaran famfo. Kafin ya iso na tsuguna ina dubawa, sai na ga an naɗe wani ɗan bututu a ƙasan hitar da leda, an ɗaure tamau da roba.

Oga Sunday na gani ya riƙe kai. "Wa ya ɗaure wannan? Nan ne take numfashi fa! In zafi ya yi yawa, ta nan ruwa yake ɗiga."

Inna ta ce, "Ni ce, ɗan nan. Shekara nawa ina bin layin ruwa, sai in zuba ido yana tsiyaya a ƙasa?"

Ya kwance robar, muka kunna. Shiru kake ji. Alhamdulillahi, sai lokacin yunwata ta dawo.

Inna ta tara ƙaramin bokiti a wurin. Yanzu da ruwan take alwala, zancen tafiya kuma ba ta sake yi ba.

Ku fa, me tsofaffinku suka taɓa ɗaurewa da roba a gida?