Fusae Mai Awara Za Ta Osaka a Ɓoye

Duk ƙauyen nan na kan duwatsun Tottori ba wanda bai ci awarar Fusae ba, ba kuma wanda ya taɓa kayar da ita a gardama. Mace ce mai taurin kai, ga baki. Tun da mijinta ya rasu take zaune ita kaɗai, ko gishiri ba ta roƙi kowa ba.

Da 'yarta ta haihu a Osaka, Fusae ta ce sai ta ɗauki jikan nan da hannunta kafin gwiwoyinta su gama ƙin ta. Ta shirya komai tsaf: jirgin ƙasa mai tsayawa kowace tasha, curin shinkafa ƙunshe a ƙyalle, kwana a tabarmar 'yarta. Abu ɗaya ne zai karya ta. A ƙauyen nasu, da ka ce za ka yi tafiya kowane gida sai ya ba ka guzuri, kai kuma ka dawo wa kowa da tsaraba cikin kwali mai kyau. Tsarabar kaɗai ta fi kuɗin jirgi. Sai ta ƙudura ficewa ba sallama.

To, amma fa akwai tuta. Duk tsohon da ke zaune shi kaɗai yakan rataya ƙyalle rawaya a ƙofa da safe, alamar ya tashi lafiya. In ba a gani ba, ɓalle ƙofar ake yi. Dole ta je wa maƙwabciyarta Tomie, wadda magana ba ta kwana a cikinta.

"Ki riƙa rataya min. In kuwa na ji zancen a bakin wani, ke da awarata har abada."

"Oho dai! Awarar taki mai karya haƙori?" in ji Tomie. "Ke fa kin tsufa, Yaya. In kika faɗi a hanya fa?"

"Faɗuwa? Ni?"

Ranar tafiya ta iso tasha tana sanɗa, sai ga rabin gari a tsaye. Ranta ya ɓaci, ta zabga wa Tomie harara. Amma ba wanda ya miƙo guzuri. Tomie ce ta matso ta gyara mata ɗaurin kaya.

"Mun yi shawara, ba guzuri, ba tsaraba. An rufe makarantarmu don ba yara, rabonmu da jin kukan jariri har mun manta. In jikan naki ya yi ƙwari, ki zo mana da shi mu ma mu ɗauka."

Maimakon tsiyar da ta saba, sai Fusae ta sunkuya musu sosai don godiya, ta daɗe ba ta ɗago ba.