Biyar ɗin da na goge

Babanmu shekara talatin ya yi a ofishin da ke zaɓar inda za a haƙa rijiyoyi, da ya yi ritaya kuma sai ya taho da aikin gida. Ko fanka za a saya, sai ya ja layuka a takarda: ƙarko, ƙara, cin wuta. Kowanne ya ba shi nauyi daga ɗaya zuwa biyar, ya ba kowace fanka maki, ya ninka, ya tara. Mama, Allah ya jiƙanta, takan ce da haka ya zaɓe ta, kuma har ta rasu bai yarda ya nuna mata takardar ba. Dokarsa ɗaya ce: a tsayar da nauyi kafin a fara ba da maki, don zuciya ba ta da amana.

Da gwiwoyinsa suka gaza, dole ya koma gidan ɗayanmu, ni ko ƙanwata. Ni sarkin iyayi na ce a bi hanyarsa. Muka jera abubuwan dubawa, kowanne da nauyinsa: kusa da asibiti, rashin matakala, rashin hayaniya, mai zama da shi da rana. Ƙanwata ta bar mini lissafin ta shiga kicin.

Gidana ne ya ci, don a ƙasa yake, nata kuwa a hawa na uku. Sai na tuna ɗakin da na gyara don karatuna, wanda shi za a ba Baba. Na goge biyar ɗin matakala na sa biyu, na ɗaga rashin hayaniya, tunda yarana huɗu ne. Gidanta ya wuce da maki uku.

Baba ya sa tabarau ya bi layukan da yatsa. A kan gurbin da na goge yatsan ya tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya karɓi fensir, ya maimaita biyun da ƙarfi har alamar gugar ta ɓace, sannan ya kira ƙanwata.

"Auta, lissafin yayanki daidai ne. Sai ki haƙura da ni."

Ta hau murna, wai ta yi sa'a. Mutum biyu suka ɗauke shi a kujera suka haura da shi. Duk Asabar ina zuwa gaishe shi, ya sa mini albarka, ni kuwa in kasa haɗa ido da shi don kunya. Wata bakwai ke nan bai sauko ba.