Caffar da Na Kai wa Baturen Auduga

A aji uku na bar elementare a Ikara, don zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Noma ma haka. Ni dai mota nake so. Akwai wani direban lori da ke kwasar auduga daga kasuwar Makarfi zuwa Zariya, na yi ta bin sa har ya gaji da ni, ya ce in an buɗe awon auduga bana zai ɗauke ni karen mota. Daga nan sai koyon tuƙi.

Ana gab da buɗe kasuwa sai kukun Baturen auduga, ɗan unguwarmu ne, ya zo da labari. Wai uban Bature ya mutu a Ingila. Kuma ba ƙaramin mutum ba ne, attajiri ne mai sayar da yadi, ya shiga majalisarsu, har Sarkin Ingila ya ba shi sarauta irin wadda ake gado.

Kawuna ya taɓa zama a gidan hakimi, saboda haka in ana maganar sarauta a gidanmu ba mai buɗe baki sai shi. Ya ce ashe Baturen nan ɗan sarki ne, kuma yanzu kujerar ubansa ba kowa a kai. In na manne masa tun yana nema, ranar naɗi da ni za a ci. Na ce ai direba na jirana.

"Kai yaro ne," in ji shi. "Ana maganar fada kana maganar ɗaure kaya? In aka naɗa shi motoci nawa zai saya? Wa zai ba in ba yaransa ba?"

Wannan ta kama ni. Muka tafi bariki da zakara, muka durƙusa, kawu ya yi gaisuwar mutuwa, sannan ya ce ga ɗansa ya kawo caffa, daga yau ni baransa ne. Bature ya ce ba shi da gurbin aiki. Kawu ya ce ai mu ba lada muke nema ba. Bature ya ɗaga kafaɗa ya ce to.

Haka na ƙare kakar nan. Ɗiban ruwa, goge keke, riƙe masa laima a bakin sikeli. Kullum lorin nan sai ta wuce ta gabana, wani ɗan Kudan na zaune a saman kaya yana ɗaga mini hannu. Abin da ya fi ci mini rai, Bature ba ya shirin tafiya. Mu nan in sarki ya rasu, kafin sadakar uku 'ya'ya da ƙanne sun fara zarya gidajen masu zaɓe. Shi kuwa awonsa kawai yake yi. Kawu ya ce dabara ce, Turawa ta waya suke neman sarauta.

Ran da aka rufe kasuwa na kasa daurewa, na tari Bature.

"Ranka ya daɗe, yaushe za mu tafi neman sarautar?"

Sai da ya sa na maimaita. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ai wansa ya hau tun ranar da uban ya cika. A wurinsu babban ɗa ne kawai ke gado, ba zaɓe ba nema, in wan ya mutu kuma ɗan wan ne. Shi ƙarami ne, shi ya sa yake nan yana auna auduga.

"Ko da babban ba shi da hankali?"

"Wan nawa ma bai cika da shi ba."

Na tambayi garin da suke mulki. Ya ce ba gari, ba talakawa, wata kalma ce dai ake sa wa a gaban suna.

Ban ko yi sallama ba, na nufi tashar Makarfi. Direba ya dube ni ya ce ɗan Kudan har ya fara juya mota da kansa, shi kuma ba ya ciyar da yara biyu.

Da ruwa ya sauka kawu ya miƙo mini garma. Har a gona cewa yake Bature gwada ni ya yi, ni ne na yi gaggawar tambaya.