Hitar Kawu

Wanda bai taɓa zama Doha ba, in ka ce masa ana sanyi a nan, dariya zai yi maka. Ni ma na yi wannan dariyar kafin in zo. Amma daga ƙarshen Disamba akwai wata iska da ke tasowa daga teku, ta bi ƙarƙashin ƙofa ta sami mutum har cikin ƙashi. Gidajen kuwa don zafi aka gina su, tayil a ƙasa, esi mai sanyaya ɗaki a bango, ba wanda ya yi tunanin ɗumi.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya fi kowa shan wahalar wannan sanyin. Shi ya kawo ni ƙasar nan daga Zariya, shi ya yi ta zirga-zirga har na samu kafil, wato mai tsaya wa baƙo ya samu bizar aiki, na shiga kamfanin da ke gyaran murhun gas da tandun gashi a kicin ɗin otal-otal. Shi kuwa gadi yake yi, ya daɗe a kai, gwiwoyinsa sun gaji. Yana zaune a unguwar Bin Omran, ɗaki ɗaya su huɗu a saman wani tsohon gida. Duk Juma'a bayan masallaci can nake zuwa cin tuwo.

Wata Juma'a ina tura ƙofa sai ɗumi ya buge ni, tare da wani wari mai kama maƙogwaro. Kawu na zaune a tsakiyar ɗaki ya miƙe ƙafafu gaban wata hita mai aiki da gas, fuskarsa fal murna. Abokin zamansu, wani mutumin Zangon Kumasi ta ƙasar Gana da ke lodin kaya a filin jirgi, shi ya samo ta a wurin masu sayar da kayan hannu. Wai wani Bature ne ya zo da ita daga ƙasarsu, da zai koma ya bari. Sun ja tiyo sun haɗa ta da tukunyar gas ta girki. Tagar ɗakin kuwa sun toshe ta da kwali da salatif, ko iskar allura ba ta shiga.

"Zo ka ga ikon Allah," in ji Kawu. "Dubi wuta. Ko murhun mai tsire bai kai ta ba."

Wutar ce ta tayar mini da hankali. Wutar gas mai lafiya gajera ce, shuɗiya, tana zaune daram a bakin murhu. Wannan doguwa ce, jajaja, tana lilo tana lasar ƙarfen sama, har ta yi masa baƙi. Mu mutanen ƙasar zafi ne, garwashi da itace muka sani, a wurinmu in wuta ta yi tsawo to ta yi kyau. Na tambaye su ko suna tashi da ciwon kai. Suka ce ai duk ɗakin haka suke, mura ce ta sanyi, har sun sayi magani.

Na juya hitar na karanta ɗan faifan ƙarfen da ke bayanta. An ƙera ta ne don gas ɗin da ake ja wa gidaje ta bututu a ƙasashen sanyi, ba na tukunya ba. Na tukunya ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka hujin da yake fita ta ciki dole ya zama ƙarami. Na yi wa Kawu wannan bayanin. Ya ce gas dai gas ne, kada in kawo masa iyayi.

Na ce to a bari sikeli ya yi magana. Ba ɗakin baƙo a Doha da za ka rasa ɗan sikelin nan mai ƙugiya na auna jaka, saboda fargabar kaya su yi nauyi ranar tafiya gida. Na kashe hitar, na rataya tukunyar a ƙugiya, na nuna musu nauyinta. Na ɓalle kwalin taga, Kawu na ta faɗa. Na kunna hitar har ƙarshe, muka ci tuwonmu, bayan rabin awa na kashe na sake aunawa. Lissafin ba wuya: abin da ya ragu ka ninka shi biyu, ka san abin da take ci a awa. Bisa ƙarfin da aka rubuta a faifan, bai kamata ta wuce kusan sulusin kilo a awa ba. Ita kuwa a rabin awa ta cinye fiye da haka.

"Kawu, tana cin fiye da ninkin abin da aka yi ta dominsa," na ce. "Gas ɗin da ya yi mata yawa ba ya ƙonewa duka. Guba yake zama, wadda ba ta da launi, hanci ma ba ya jin ta. Ita ce ciwon kan nan naku. Wata rana za ku kwanta, ba wanda zai tashi."

"Kai ke da ran mutane a hannunka?"

"A'a, Kawu."

"To ajali ba ya wuce lokacinsa. Mayar mini da kwalina."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni ina da saurin hawa, duk danginmu sun sani. Na ɗauko sifana daga jakata, na buɗe ƙasan hitar, na kwance nozil, wato ɗan ƙarfen tagullar nan mai huji wanda gas ke fita ta cikinsa. Bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, amma in babu shi hita ta zama kwandon ƙarfe. Na cire tiyon ma na naɗe, don kada wani ya yi gangancin kunna ta haka. Na jefa nozil ɗin a aljihu.

Kawu ya miƙe da ƙyar, yana dafa bango. "Ajiye abin nan."

"Ba zan ajiye ba."

Mutumin Zango ya sa baki, ya ce, "Ɗan'uwa, khalas, ya isa haka, ba shi kayansa, babba ne." Na ce masa girman ne ya sa ba zan bayar ba, kuma na faɗa da murya sama da yadda ya kamata. Kawu ya nuna mini ƙofa. Na sa takalmina na fita.

Washegari na sayo hita ta lantarki da bargo mai kauri na kai. Ya ce a fitar masa da su. Ta lantarkin wai ɗuminta kamar numfashin kyanwa, kuma shi ba almubazzari ba ne da zai karɓi kyautar marar kunya. Sauran 'yan ɗakin suka ja ta gefensu suna amfani da ita. Shi ya koma sa safa biyu.

Ba a yi kwana uku ba Inna ta kira ni daga Zariya. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba.

"Yayana ka ɗaga wa murya a gaban baƙi? Mutumin da ya kai ka inda kake?"

"Inna, na yi kuskure a muryar."

"To ka je ka ba shi haƙuri, ka mayar masa da ƙarfensa."

"Haƙuri zan ba shi. Ƙarfen ne ba zan mayar ba."

Tunda nake ban taɓa ce wa mahaifiyata a'a kai tsaye ba sai ranar. Na ce mata, "Inna, in na mayar, ni za a sa in rako akwatin gawarsa zuwa Kano, kuma ni zan tsaya gabanki in gaya miki na sani." Sai ta ce in dai je in durƙusa, ta kashe wayar.

Juma'ar da ta biyo na je. Na cire takalmi tun daga matakala, na durƙusa a bakin katifarsa, na ce Kawu ka yafe mini, na yi rashin ladabi. Ya dube ni, ya ce ya ji. Sannan ya miƙo hannu. Na kai nawa biyu zan kama, sai na ga tafin a buɗe yake yana kallon sama. Ba gaisuwa yake nema ba.

Na ce, "Kawu, ban zo da shi ba. Kuma ba zan kawo ba."

Ya janye hannunsa, ya juya fuska bango.

Haka muka ƙare sanyin shekarar, ina zuwa ina gaishe da ƙeyarsa. Yanzu ya bar aiki ya koma Zariya. In na je hutu na durƙusa gabansa, "lafiya" ɗaya yake ba ni, ya ci gaba da jan carbinsa, jikokinsa na hawa masa gwiwa. Abin yana yi mini ciwo har gobe, don ina son mutumin nan. Amma ko yau aka mayar da ni ɗakin nan na Bin Omran, da sifana a hannuna, sai na sake kwance ƙarfen nan.