Rafin da Rabinsa Damina Rabinsa Rani

Allah ya jiƙan Sha'aibu na Ba'awa, mutumin da ba ya karɓar komai sai ya tambayi yaushe. In zai sayi irin masara a Kwanar Dangora, sai ya ji shekarar da aka girbe shi, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya zuba wa mai sayarwa ido har mutum ya tsargu. Malam Yaushe muke ce masa.

Gonarsa ta bakin rafi aro ce tun zamanin mahaifinsa, da sharaɗin duk daminar da aka bar ta ba shuka, ta koma wa masu ita. Wata rana Kamilu, jikan mai gonar, ya zo gaban mai unguwa da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka shekaru uku baya. Gonar maƙwabci koriya shar, ta Sha'aibu fara fat. Shekarar da ya yi jinya ce, gonar kuma nesa da gari. Sha'aibu ya rantse ya shuka, amma mutane suka fara kallon juna. Har da ni, Allah ya yafe mini.

Sha'aibu ya daɗe yana juya takardar hoton. Can ya ɗora yatsa a kan rafin: gefen maƙwabci cike da ruwa, gefensa yashi zalla.

"Ranka ya daɗe, wane rafi ne rabinsa damina, rabinsa rani?"

Washegari ya tafi wurin Malama Zulaihat, mai aikin auna filaye a Kiru. Ta nemo asalin hoton a kwamfuta, ta buɗe bayanan da ke cikinsa. Ashe hotuna da yawa aka haɗa, kuma an rubuta lokacin ɗauka: daga Fabrairu zuwa Agusta. Ɓangaren gonarsa na Fabrairu ne, lokacin da ko ciyawa babu, na maƙwabci kuma na Agusta. Takardar Kamilu ba ta ɗauke da wannan.

Ya roƙe ta ta rubuta watannin biyu a bayan takardar. Ta rubuta.

"Malama, sa kwanan watan yau ma."

Da mai unguwa ya ga wannan, gona ta zauna a hannunsa. Damina biyu ya ƙara nomawa, ciwon ya dawo, ya rasu. Da muka buɗe akwatinsa, takardar tana naɗe cikin leda, an rubuta sunan ɗansa Idris a kai. Bana Idris ya shuka masara, ni na raka shi sayen iri. Bai tambayi mai sayarwa komai ba, sai ni na tambaya.