Dabinon 'Yan Badr da Bunsurunmu

Akwai wata Laraba a aikin nan da har gobe ba za ta fita daga raina ba. Ku gyara zama, shayin bai huce ba tukuna. Kai Sani, tunda kai za a miƙa wa makullan sito wata mai zuwa, gara ka ji ta daga bakina kafin ɗalibai su ba ka ita da gishiri.

Na riƙe sito a Kano, na riƙe a Injamena, na yi shekaru a Khartum ina wanke rigunan 'yan ƙwallo. Amma ban taɓa sa hannu a takarda cewa na karɓi amanar bishiya ba sai a nan Madina.

Ga yadda abin yake, saboda ku sababbin shiga. Kowace shekara da sanyi, kwalejinmu ta sana'a da ke nan gindin dutsen Uhudu tana buga wasa ɗaya da kwalejin noma ta Badr. Bana a filinmu, baɗi a nasu. Ba kofi ba ne na kirki, amma ɗalibai sun fi damuwa da shi a kan jarrabawa. Alamar 'yan Badr dabino ce, kuma ba ta zane ba, mai rai, a cikin rabin duro. 'Ya ce da aka ciro daga gindin wadda ɗalibansu na farko suka dasa. In ta fi ƙarfin duron sai su dasa ta a harabarsu, su ciro wata 'yar. Mu kuwa alamarmu bunsuru ne, sunansa Janar. Kada ku tambaye ni dalili, na zo na tarar da shi, kuma ni aka ɗora wa ciyar da shi.

Ranar Alhamis ake wasa. Ranar Laraba bayan la'asar ɗalibai suke taron zuga 'yan wasa: ganga, tafi, waƙoƙin tsokana, a kira 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen taron shi ne abin da kowa yake jira. Nakan haɗa dabinon ƙarya da bututun roba, in ɗaure masa barsim a kai, ɗanyen haki nan da ake ba dabbobi. Sai a saki Janar ya cinye shi tas, jama'a suna ihu wai haka za mu cinye 'yan Badr.

Su kuma baƙi a ranar Larabar suke kawo dabinonsu, don ba a gudu da ita a mota, iska tana karya ta. Mai sito yake karɓa, ya sa hannu a takardar amana. Washegari mai kula da ita ya duba, ya sa nasa hannun cewa ya karɓe ta lafiya. Dokar da kwalejojin biyu suka yarda da ita a rubuce take: in aka lalata alamar baƙi, an ba su wasan ba tare da an buga ba, mai sito kuma shi zai amsa tambaya. Ni ba ɗan ƙasa ba ne. A watan nan ne za a sabunta mini kwantiragi, iƙamata, wato takardar izinin zama, da ta iyalina duk a kansa suke rataye.

Da hantsi Ammu Salim ya iso da ita a bayan wanet, motar a-kori-kura. Tsoho ne mai kula da gonar kwalejinsu, gajere, hannunsa kamar bawon itace. Ammu dai baffa ke nan, haka ake kiran duk wanda ya girme ka a nan. Muka sauke ta a ɗan tsakar gidan da ke bayan sito. Ya ƙirga rassanta a gabana da yatsa, goma sha ɗaya.

Ya ce, "Abu Maryam, kada ka ba ta ruwa, na ba ta. Kuma ka raba ta da wancan ɗan iskan." Yana nuna Janar.

Na ce, "Ya shaikh, Janar ya fi ɗalibanmu ladabi."

Ya ce, "Wannan ba yabo ba ne." Ya tafi Harami, daga nan zai kwana gidan 'yarsa.

To kuskurena na farko tausayi ne. Ƙa'ida ita ce ranar taro ba a ba Janar abinci sai ya ga dabinon ƙarya. Ni kuwa da azahar ya yi ta kuka yana kallona, sai na juye masa ragowar shinkafar ma'aikata, faranti guda. Kuskure na biyu, da aka zo jan shi zuwa fili ya ƙwace, na bi shi da gudu, na bar makulli a jikin ƙofar sito.

Taro ya yi taro. Mudir, wato shugaban kwaleji, ya tafi wani zama a cikin gari, sai wani sabon malami aka bari yana lura, wanda bai kai wata uku da fara aiki ba. Mai ja wa ɗalibai waƙa wani ne mai suna Turki, ɗan shekarar ƙarshe, dogo, muryarsa ba ta bukatar lasifika amma kullum shi ke riƙe da ita. Aka kira 'yan wasa, aka kira kyaftin ɗinmu Mu'az, ɗan unguwar Bani Harisa. Kakanninsa daga ƙasar Katsina suka zo aikin hajji suka zauna. Ina yi masa Hausa yana ji sarai, ya mayar mini da Larabci, shekara uku muna haka.

Aka saki Janar. Ya taka a hankali ya je gaban dabinon ƙarya, ya shinshina barsim, ya juya masa baya, ya kwanta.

Shekara biyu a jere 'yan Badr suna cin mu, ga bunsuru ya ƙi ci. Wani daga baya ya ce, "An sayi Janar." Aka fashe da dariya, amma dariyar ba ta da daɗi. Ina durƙushe ina lallashinsa da Hausa da Larabci, har da ɗan Faransancin Injamena, sai na ji ihu ya tashi ta bayana. Na waiga. Ɗalibai huɗu ne suke turo amalanken sito, dabinon 'yan Badr a kai tana rangaji. Turki yana gaba yana cewa, "Janar ba ya cin jabu, ga ta asali."

Na tashi ina ɗaga hannu, ina cewa amana ce, amana ce. Ko ni ban ji muryata ba saboda ganga. Sabon malamin ya tsaya da waya a kunne yana neman mudir. Shi kuwa Janar, da ya ƙi barsim, ya ga sabon abu ya miƙe. Ya ɗora ƙafafunsa na gaba a bakin duro, ya kama reshe ɗaya ya ja. Ku da ba ku san dabino ba, rassa suna sake fitowa, amma akwai zuciyarta a tsakiyar kai, fara, mai taushi. In aka ci wannan, ta mutu ke nan. Bakinsa bai fi taƙi ɗaya da ita ba.

Sai ga Mu'az. Na zaci zai ƙwace lasifika ya yi wa'azi, kuma da ya yi haka da sun yi masa ihu, don jininsu ya hau. Bai bi ta kan lasifika ba. Ya sunkuya ya cusa kansa ƙarƙashin cikin Janar, ya ɗaga shi cak a kafaɗa, ƙafa biyu a kowane hannu. Bunsurun nan ya kai nauyin buhun shinkafa, ga wari. Ya juya ga masu ganga ya ce, "Janar ya ɗanɗana, ya ce ba daɗi. Yalla, zagaye." Ya ruga da shi ya nufi bakin fili yana rera waƙar kwaleji. 'Yan wasa suka bi shi, ganga ta bi su, jama'a suka bi ganga. Shi kansa Turki da ya ga an bar shi, ya bi su da lasifikarsa. Cikin minti ɗaya ba kowa a wurin sai ni da dabino da sabon malami.

Muka tura ta muka mayar. Zuciyar lafiya lau. Amma reshe ɗaya ya karye a gindi yana lilo, an tauna rabinsa.

Ba zan ɓoye muku ba. Da aka watse, kafin magariba, na ɗauko wuƙa. Na ce in na yanke shi daga can ƙasa na shafa ƙasa a wurin, na juya gefen zuwa bango, wataƙila tsohon ba zai sake ƙirgawa ba. Ina tsaye da wuƙar Mu'az ya shigo mayar da rigunan atisaye, kafaɗarsa duk gashin bunsuru.

Ya dubi wuƙar ya ce da Larabci, "Ammu, me za ka yi?"

Na ce, "Aski zan yi mata. Ka san dokar. In ya ƙi sa hannu, ku kun rasa wasanku na ƙarshe, ni na rasa aiki."

Sai ya yi mini Hausa, irin ta kakarsa, a karo na farko: "Ammu, kayan mutane ne. A faɗa masa."

Na ce, "Kai da ubanka yake da takardar ƙasa, faɗa tana da sauƙi a bakinka."

Bai ji haushi ba. Ya koma Larabcinsa ya ce gaskiya ne, shi ya sa ba ni zan faɗa ba. Su suka ɗauko, su za su faɗa, kuma zai zo da Turki.

Na ce, "Turki zai zo? Wancan?"

Ya ce, "Ban kunyata shi a gaban mutane ba. Zai zo."

Na mayar da wuƙar cikin aljihun tebur. Ba don na fi ƙarfin shaiɗan ba, don dai ya riga ya gani.

Washegari ƙarfe takwas Ammu Salim ya iso. Ya tarar da mu uku a tsaye kamar masu jiran alƙali. Bai ma kai ga ƙirgawa ba, daga ƙofa ya hango reshen. Turki, mai muryar nan da ake ji daga gindin dutse, ya yi magana sai da tsohon ya ce ya ɗaga murya. Ya faɗi komai, bai rage ba, har ya ce shi ya ce a ɗauko. Ni ma na faɗi zancen makulli da shinkafa. Mu'az ya ce, "Ammu, in ka rubuta an lalata, haƙƙinku ne, wasa naku ne. Abu ɗaya muke roƙo, ka rubuta cewa ɗalibai ne, ba Abu Maryam ba."

Tsohon ya matsa kusa da duron. Ya sa yatsu biyu a tsakiyar kan dabinon ya daɗe yana lalube. Ya zaro ƙaramin lauje daga ɗamararsa, ya yanke reshen sara ɗaya, a tsabtace. Sannan ya dubi Turki.

Ya ce, "Ɗana, ka san abin da yaranmu suke yi ranar Laraba a Badr?"

Turki ya ce bai sani ba.

Ya ce, "Bunsuru suke yankawa. Su rataya masa kwali a wuya an rubuta Janar, a dafa shi da shinkafa, kowa ya ci har da mudir. Ni nake zaɓo shi a kasuwa, mai kama da naku. Naku na gaske kuwa, in kun zo mana wasa, sau nawa ya kwana a gonata? Ka tambayi Abu Maryam ko ya taɓa dawowa da ƙwarzane."

Na ce, "Ƙiba ma yake ƙarowa."

Ya ce, "To. Na kasuwa ake ci."

Ya karɓi takardar ya ɗora a kan duron. Na ga bai taɓa gurbin da aka rubuta an lalata ba. Ya rubuta da hannunsa: na karɓe ta da rai da lafiya, rassa goma, na goma sha ɗaya bunsuru ya fara, ni na ƙarasa. Ya sa hannu. Sai ya ce wa Turki tunda ya iya tura amalanke, shi zai tura ta zuwa wurin zaman baƙi, a gaban kowa, kuma a hankali.

Haka aka yi. Turki ya tura ta tun daga sito har gaban 'yan Badr, suna yi masa tafi suna tsokanarsa, yana murmushin dole. Aka buga wasa, aka tashi ɗaya da ɗaya. Ranar Lahadi mudir ya kira ni ofis, takardar tana gabansa. Ya karanta ta sau biyu, ya ce, "Abu Maryam, makulli a aljihu yake zama." Ya ba ni gargaɗi a rubuce, na sa hannu. A ƙarshen watan aka sabunta kwantiragina.

Abin da na koya a ranar, Sani, shi ne ɗaliban nan ba miyagu ba ne, kuma ihun da suke yi ba ƙiyayya ba ce. Ka bar su su zagi kwali, su tattake roba, su ci na kasuwa, wannan shi ne daɗin abin. Amma abin da mutane suka ɗauko daga garinsu suka ajiye a hannunka, ranar da jini ya hau kai kaɗai ne tsakaninsa da taro, kuma muryarka ba za ta fi ganga ba. Saboda haka tun kafin ranar, ka san waye a cikinsu zai iya juya taro ba tare da ya zubar da mutuncin kowa ba. Kowace shekara akwai ɗaya. Ka neme shi tun farkon zango, ka riƙa ajiye masa riga mai kyau.