Akwatin da Na Turara

Ƙafafunsa na fara gani. An lulluɓe shi da farin ƙyalle, amma ƙyallen bai sauka har ƙasa ba, sai ga ƙafafu huɗu irin na zaki, na katako, ta gaba ta hagu ta rasa farce ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon gurbin farcen har Baba ya ce in shigo in rufe, sanyi yana fita.

Shekarata goma sha biyu a lokacin, a 2011. Baba yana aiki a wani kamfanin ajiyar kaya a unguwar Al Warsan, a ƙasar Larabawan da muke zaune, shi ke riƙe da makullin ɗakin sanyi, inda ake ajiye kayan da zafi ke lalatawa. Mama ba ta daɗe da haihuwa ba, gidanmu na Al Khabaisi kuma ƙarami ne, saboda haka duk Asabar Baba yakan tafi da ni in yi aikin makaranta a ofishinsa. Dokar kamfanin ta hana yara wuce ofis. Amma ranar Asabar daga mu sai mai gadi can a babbar ƙofa, ni kuma ba a taɓa jin motsina.

Baba ya sa farar safar hannu ya yaye ƙyallen. Akwati ne dogo, ya fi ni tsawo in na kwanta. Ya ce daga Italiya ya zo, ya haura shekara ɗari biyar, wani attajiri ne ya saye shi don gidan da bai gama ginawa ba. Ya ce mutanen can a da, in za a kai amarya, irin wannan suke sa a yi mata, sau da yawa guda biyu, a zuba kayanta, a ɗauko a kafaɗa a ratsa gari kowa ya gani.

A gabansa an zana ayari: dawaki, masu bushe-bushe, mata cikin dogayen riguna da ruwan zinariya a bakin hannu. A kowane gefe akwai tambarin gida, ɗaya na dangin ango, ɗaya na dangin amarya. Can ƙarshen ayarin akwai wata yarinya da ba ta kallon amaryar kamar sauran. Takalminta take kallo. Duk Asabar ita nake fara nema.

Aikin Baba shi ne ya ɗaga murfin sau ɗaya a mako, ya haska tocila ya duba ko ƙwaro ya zubar da garin katako. A cikin murfin an yi zane kamar yadi, ja, da furannin zinariya a jere. Amma da zarar an ɗaga sai wani wari ya taso, irin na ɗakin da aka rufe tun damina.

Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Kano a watan nan sayen lefen ɗanta. Wata Asabar ta biyo mu don ta ɗaure kayanta kafin a kai su kago a loda su zuwa gida. Baba bai iya hana ta shiga ɗakin sanyi ba, ba wanda ya taɓa iya hana Gwaggo komai. Ta zagaya akwatin tana riƙe da haɓa.

"To ashe su ma suna lefe," in ji ta. "Guda biyu kacal? Ni saiti biyu na saya, har yanzu uwar yarinyar tana hura hanci."

"Yaya, wannan ɗaya ya fi kantin akwatunan da kika shiga gaba ɗaya tsada."

"Buɗe in ga tsadar."

Ya buɗe. Ta leƙa, ta ja da baya tana toshe hanci da mayafi.

"Auta, wannan ne na amarya? Shekara ɗari biyar ba wanda ya tuna ya sa masa turare? Wannan yarinya ba ta da dangin uwa."

"Ba a taɓa shi ko da yatsa, Yaya."

"Ai na ga alama. Kai ma da safa kake gaishe shi kamar surukinka."

Da za ta koma Kano ta ba ni ƙaramar kwalba ta turaren wuta, haɗin da take yi da hannunta, irin wanda Mama ke turara mana kaya da shi. Ta ce, "Ungo, sarkin shiru. Ki ajiye wa naki akwatin, kada ya zama irin na Baturiyar nan."

Ban ajiye ba. Maganar dangin uwa ta zauna mini a rai. Na riƙa tuna yarinyar mai kallon takalmi, tsaye a jikin akwati mai wari. A gidanmu ba a rufe akwati sai an turara shi. Haka na ga Mama tana yi tun ina ƙarama: ta sa kasko a ciki, ta rufe, ta ɗan jira, ta cire. Ban taɓa ganin abin ya ɓata komai ba.

Asabar ta gaba na sa ƙaramin kaskon Mama a jakar makaranta, da gawayi ɗaya mai saurin kamawa. Da Baba ya tafi sallar azahar tare da mai gadi, na ɗauki makulli a aljihun teburinsa. Na kunna gawayin, na zuba turare, na ɗaga murfin da ƙyar, na ajiye kaskon a tsakiya, na rufe. Niyyata in ƙirga ɗari in cire.

Ina kan sittin da wani abu na ji muryar Baba a waje, ya dawo da wuri saboda wata mota ta kawo kaya. Na ja ƙofar, na ruga ofis, na mayar da makulli, na zauna a kan littafina. Ya shigo ya zauna yana cike takardu. Kalma huɗu kawai nake bukata: Baba, akwai wuta ciki. Na buɗe baki ya fi sau goma. Na kalli agogon bango yana tafiya, na kalli alƙalaminsa. Kusan awa guda muka yi a haka kafin direban ya kira shi waje.

Da na ɗaga murfin, hayaƙi ya bugi fuskata. A tsakiyar jan zanen, daidai saman kaskon, an sami baƙin da'ira kamar gindin tukunya. Fentin ya kumbura ya tsattsage. Fure ɗaya na zinariya ya ɓalle gaba ɗaya ya faɗi a ƙasan akwatin, girmansa kamar farcen babban yatsana. Na ɗauke shi da takarda na sa a gwangwanin kayan lissafina. Na mayar da ƙyallen. Kaskon ya ƙona mini yatsu biyu, ban ji ba sai a mota.

Ranar Lahadi da yamma ina wanke kwalaben jariri a kicin na ji Baba yana gaya wa Mama. Yana buɗe ɗakin da safe ya ji ƙamshi. Shi da kansa ya kira manaja. Manajan ya sunkuya ya shinshina cikin akwatin, ya miƙe, sannan ya kama hannun rigar Baba ya shinshina.

"A gaban leburori," in ji Baba. "Ya ce, khalas, magana ta ƙare, ba sai na tambayi kowa ba."

"Kai me ka ce?"

"Na ce ni ban sa wuta a ciki ba."

"Sai me?"

"Ya ce to wa? Na yi shiru."

Ya ce za a kawo wata ƙwararriya daga Italiya ta duba ta rubuta rahoto. In ta rubuta cewa wuta aka sa a ciki, aikinsa ya ƙare. Bizarmu duka a kan aikinsa take, ni da Mama da jaririn. Wata ɗaya za a ba mu mu tattara.

Ya fito ya same ni a bakin famfo. Ya kalli yatsuna biyu da na naɗe da filasta. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Uwata, ki rage ruwan nan," ya wuce.

Da ya dake ni da na fi samun sauƙi. In na faɗa, an kama shi da laifin shigar da yarinya inda aka hana. In na yi shiru, ƙamshin rigarsa ya riga ya faɗa. Na juya abin ta kowane gefe a cikin motar makaranta, a aji, a kan sallaya. Na daina cin abincin rana. Na gwada wanke rigunansa sau biyu da sabulu mai yawa, kamar hakan zai canza wani abu, Mama ta karɓe bokitin. Ta daina kunna turare a gidan. Kaskon yana kan kantar kicin inda na mayar da shi, ba ta taɓa shi ba. Kullum in na buɗe gwangwanin don ɗaukar rula sai in ga furen, in duba ko ya ƙara karyewa.

Na ji Baba yana waya da wani abokinsa a unguwar Port Saeed yana tambayar ko akwai gurbi a ofishinsu. Muryar da ya yi amfani da ita ban san shi da ita ba.

Ƙwararriyar ta sauka ranar Juma'a, za ta duba akwatin Asabar. Da safe Baba ya ce in zauna a gida. Na ce na manta littafina a ofishinsa. Ƙarya ce, ya kuma san ƙarya ce, don shi ya kwaso mini littattafan da kansa. Ya ɗauki makullin mota ya ce in sa takalmi.

Na zauna a ofis, ƙofa a buɗe kaɗan. Ƙwararriyar dattijuwa ce gajera, gashinta fari an yanke shi gajere, tabarau biyu a rataye a wuyanta. Ta yi awa biyu a ɗakin sanyi tare da Baba da manaja. Da suka fito, manaja ya ja Baba waje, ita kuma ta shigo ofis ta zauna a kujerar Baba ta buɗe littafin rubutunta. Ta gaishe ni da Turanci. Na lura akwai busasshen farin abu a gefen farcenta, kuma alƙalaminta duk an tauna kansa.

Ta rubuta layi uku. Na san in ta kai ƙarshen shafin shi ke nan.

Na tashi na ajiye gwangwanin a kan littafinta na buɗe. Ta sa tabarau na biyu. Ta kalli furen, ta kalli yatsuna. Ba ta taɓa shi da hannu ba, ta zaro wani ɗan ƙaramin hantsaki daga aljihu ta juya shi a hankali.

"Bai karye ba," in ji ta. "Wa ya ajiye shi haka?"

"Ni."

"Wa ya sa wutar?"

"Ni. Yana wari ne. A wurinmu ba a barin akwatin amarya haka."

Ta cire tabarau ta jingina da kujera. Ta ce wannan zanen da ƙwai aka kwaɓa shi, a kan farar ƙasa da danƙo, ya tsallake ambaliya da yaƙe-yaƙe da ƙwari. Ba faɗa take yi ba, gaya mini kawai take yi, kuma hakan ya fi ciwo. Ta ce furen zai koma wurinsa, baƙin ma yawanci zai fita, amma za a daɗe ana aiki. Ta ce a cikin akwatuna irin wannan ta sha jin warin abubuwa da yawa, wannan ne karo na farko da ta ji mai daɗi.

Ta taga na hango Baba a tsaye cikin rana, hannayensa a baya, manaja yana magana yana nuna ƙofa. Rigar da na wanke sau biyu ce a jikinsa.

Ta ɗauki alƙalamin. Ban san lokacin da na dafa gefen littafin da hannuna mai filasta ba. Turancin da nake ci a jarrabawa duk ya gudu, sai ɗaiɗaikun kalmomi.

"Don Allah," na ce, "ki rubuta duk abin da kika gani. Ki rubuta baƙin, ki rubuta furen. Amma ƙamshin, don Allah kada ki rubuta ƙamshin."